Katin Ɗan Ƙasa A Kamaru: An Sayi Na'ura, An Bar Tushe

A shekarar 2016 gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar da sabon katin ɗan ƙasa mai ɗauke da hoton yatsu, aka damƙa aikin ga kamfanin Gemalto, aka ce an yi bankwana da jabu da jinkiri. Abin da jama'ar New Bell suka gani daga baya kuwa shi ne resefise, wato takardar wucin gadi ta 'yan watanni, wadda ake ta buga wa hatimin ƙarin wa'adi har ta shekara biyu ko uku a aljihu, ta tsufa ta yage, kati bai fito ba.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ɗan kasuwa. Da katin ake rajistar layin waya, da shi ake buɗe asusun banki da na MTN ko Orange, shi jandarma ke tambaya a hanyar Ngaundare da Garwa, shi kuma maniyyaci ke fara nema kafin fasfo.

A 2024 hukumar 'yan sanda ta ƙasa ta sake ƙulla yarjejeniya, wannan karon da kamfanin Augentic mai buga fasfo tun 2021. Sabon tsarin ya fara aiki a Fabrairun 2025 da alƙawarin kati cikin awa 48, kuɗinsa kuma ya tashi daga sefa 2,800 zuwa 10,000. Ke nan cikin shekara goma an sayi tsari biyu, talaka ne kuma ya biya.

Ina gizo ke saƙar? Kwamfuta ba ta ƙirƙiro gaskiya. Abin da aka ba ta shi take riƙewa. Tushen katin ɗan ƙasa takardar haihuwa ce, ita kuwa a yawancin ƙananan hukumomi da hannu aka rubuta ta a littafi. A Arewa da Arewa Mai Nisa, inda dangin da yawa daga cikinmu suke, ɗimbin yara ba su da ita ma. Wani an rubuta shi Ousmanou a nan, Oumarou ko Ousmane a can. Wani an rage masa shekaru don makaranta. Da na'ura ta ga yatsa ɗaya da suna biyu sai ta kulle fayil. An yi rufi kafin a haƙa harsashi.

Irin wannan gaggawa ce ta sa aka ciwo bashin sefa biliyan 75 daga bankin Exim na Sin don shirin da ya raba wa ɗaliban jami'a kwamfutoci 500,000, ɗaliban suka yi ta kukan ƙarancin ma'ajiyarsu, alhali wuta da intanet ba su wadata ba.

Dukiyar al'umma amana ce, kuma sayen abu sau biyu almubazzaranci ne. Kafin a sake sa hannu a wata kwangila, a shigar da rajistar haihuwa cikin kwamfuta, a horar da 'yan ƙasa masu gyara, a bayyana wa majalisa abin da tsohon tsari ya ci.

Mu ma akwai namu. Duk wanda aka yi wa haihuwa, ya yi wa jariri rajista da wuri, ya duba rubutun sunan harafi bayan harafi, ya riƙe shi haka a kowace takarda. Limamai su riƙa tunatarwa a wajen raɗin suna. Allah Ya sa mu dace.