Jaka Mai Tsada Da Asirin Mai Ita

A Agege, cikin birnin Ikko, inda Hausawa suka kafa zango saboda fataucin goro, suka kuma ƙara yawa bayan hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, babu wanda za a koya wa amfanin shaida a jikin kaya. Mai goro yakan yi wa huhunsa alama don kada ya ɓace a tasha, mai shanu kuwa yakan shafa wa dabbobinsa fenti kafin a kai su mayankar Oko-Oba. Irin wannan shaida a fili take, kowa yana ganinta, kuma da zarar an sallama ciniki aikinta ya ƙare.

To, yanzu ga wata sabuwar shaida ta shigo kasuwa, wadda ido ba ya ganinta, ba ta kuma daina aiki bayan an biya kuɗi. A cikin jakunkunan hannu na mata masu tsada ake ɓoye ta, tsakanin fata da shafi. Jakunkunan nan kuwa suna shigowa gidajen Agege ta hanyoyi da yawa. Wasu tsaraba ce daga Dubai ko Landan, wasu a akwatin lefe suke zuwa, wasu kuma a cikin dilolin gwanjo da ake kwancewa a kasuwar Katangowa, can wajen Abule Egba. Saboda haka ya kamata mai saye da mai sayarwa su san abin da ke hannunsu.

Turawa suna kiran abin RFID, watau shaida da ake karantawa ta hanyar rediyo. 'Yar ƙwayar na'ura ce da ba ta kai girman ƙwayar shinkafa ba, an haɗa ta da siririyar eriya a kan wani abu mai kama da takarda. Ba ta da batir. Sai an kawo na'ura mai karanta ta kusa, sa'an nan ta sami ɗan ƙarfi daga iskar rediyon na'urar, ta amsa da lambarta. Kowace ƙwaya da lambarta, ba a maimaita wa wata. Mutanen Ikko sun saba da 'yan'uwanta ba tare da sun lura ba. Akwai irinta a katin Cowry da ake shiga bas ko jirgin cikin gari da shi a tashar Agege, akwai ta a fasfon Nijeriya tun 2007, akwai ta kuma a katunan banki da ake ɗorawa a kan na'ura a biya kuɗi.

Kamfanonin da ke sa ta suna da hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Wani rahoto da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa cinikin kayan jabu tsakanin ƙasashe ya kai dala miliyan dubu 509 a shekarar 2016, watau kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya, kuma takalma da tufafi da kayan fata ne a kan gaba. Don haka kamfanin Ferragamo na Italiya ya fara sa ƙwayar a takalman mata tun 2014. Kamfanin Louis Vuitton na Faransa ya daina buga lambar kwanan wata a cikin jakunkunansa daga watan Maris na shekarar 2021, ya koma ga ƙwayar, shi ma Chanel ya bi sahu a wannan shekarar. Hajiyar da ta zuba kuɗin da za su isa sayen fili a kan jaka guda tana da haƙƙin ta tabbata ba jabu aka ɗora mata ba. Nan babu gardama.

Sai dai tilas a raba gaskiya da jita-jita, domin tsoron da ba shi da tushe yakan ɗauke hankali daga haɗarin gaske. Ƙwayar nan ba ta da ido, ba ta da kunne, ba ta kuma magana da tauraron ɗan Adam. Babu wani Bature da ke zaune a Faris yana kallon jakar wata tana ratsa Pen Cinema. Iri biyu ne suka fi yawa. Wadda wayar hannu ke iya karantawa sai an kanga wayar daf da ita, tazarar 'yan yatsu kaɗan. Ɗaya kuwa, wadda manyan kantuna ke ƙidayar kaya da ita, ana iya karanta ta daga mita da dama, ko da tana cikin leda ko kwali, ba tare da mai ɗauke da ita ya ji komai ba. Inda babu na'urar karantawa, duka biyun shiru suke.

Haɗarin yana wajen kundin da kamfani ke ajiyewa. Ran da aka sayi jaka a babban kanti, galibi akan rubuta sunan mai saye da lambar wayarta da adireshinta da abin da ta kashe. Idan aka ɗaura lambar ƙwayar da wannan suna, to duk inda na'urar kamfanin ta sake jin lambar, ta san jakar wance ce ta iso. Daga nan shaidar kaya ta zama shaidar mutum.

Wannan damuwa ta daɗe. A 2003 kamfanin Philips ya ba da sanarwar zai sayar wa kamfanin tufafi na Benetton ƙwayoyi miliyan 15, sai wata Ba'amurkiya mai fafitikar kare masu saye, Katherine Albrecht, ta yi kira da a ƙaurace wa kayansa, har kamfanin ya ja da baya. A wannan shekarar aka gano wani kantin Tesco a birnin Kambirij na Ingila yana ɗaukar hoton duk wanda ya ɗaga fakitin rezar Gillette mai ɗauke da ƙwayar. A 2004 kuma aka bankaɗo cewa kamfanin Metro na Jamus ya sa ta a katunan da ya raba wa abokan cinikinsa a garin Rheinberg ba tare da ya gaya musu ba, dole ya janye katunan. Abin lura shi ne, a duk waɗannan ba kamfanin ne ya tashi ya yi wa jama'a bayani tun farko ba.

Ko da kamfani mai amana ne, kundinsa yana iya faɗawa hannun ɓarayi. A shekarar 2025 kaɗai, Dior da Cartier da Louis Vuitton duk sun amsa cewa masu kutse sun shiga kwamfutocinsu sun kwashi bayanan abokan ciniki. A Hong Kong kawai abin ya shafi mutum wajen 419,000 na Louis Vuitton. Kamfanin Kering, mai Gucci da Balenciaga, shi ma abin ya same shi, kuma cikin abin da aka sace har da jimlar kuɗin da kowane mutum ya kashe a kantunan. Ba ta cikin ƙwayar ɓarayin suka bi ba, amma sun nuna irin rumbun da ake son zuba labarinta a ciki. A ƙasar da 'yan damfara da masu satar mutane don kuɗin fansa ke neman sanin wanda ke da abin hannu, jerin sunaye da adireshi da yawan kuɗi ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma wani gefe da ya fi taɓa rayuwar gidan Bahaushe. A al'ada, kayan adon mace ajiya ce ta ranar buƙata. Idan kuɗin haya ya taso, ko na makaranta, ko na asibiti, sai uwargida ta kira dillaliya a ɓoye ta ba ta zinariya ko leshi ko jaka. Dillaliyar kirki ba ta faɗin gidan da kaya suka fito, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rufin asirin nan shi ne jarinta, kamar yadda fatoman Agege ke riƙe asirin baƙon da ya sauka wurinsa da goro ko shanu. To amma a 2021 kamfanonin LVMH da Prada da Cartier suka haɗu suka kafa wani kundi mai suna Aura, wanda manufarsa ita ce a bi tarihin kaya tun daga masana'anta, har da sauyin hannu daga mai shi zuwa wani. Idan wannan ya zama ruwan dare, jakar da ba a rubuta sauyin hannunta ba za ta faɗi a kasuwa, wadda aka rubuta kuwa ta bar sawun ranar da mai ita ta shiga matsi. Wadda ta saya a gwanjo ita ma tana yawo da lambar da ke ɗaure da sunan wata baƙuwa a wata ƙasa.

Dole a bambanta duk wannan da wata na'ura dabam, wadda ita ce ke bin sawu na haƙiƙa. A watan Afrilu na 2021 kamfanin Apple ya fito da AirTag, ɗan faifai kamar babban maɓalli, mai batir da ke kai kimanin shekara. Yakan aika da sigina ga wayoyin iPhone da ke kusa, su kuma su sanar da mai shi inda yake. An yi shi don neman makullai da akwatin tafiya, amma a Amurka da Ingila an sha kai ƙarar mutanen da suka jefa shi a jaka ko motar mace don su bi ta. Sai a watan Mayu na 2024 Apple da Google suka daidaita a kan hanya ɗaya da waya za ta gargaɗi mai ita in wata baƙuwar na'ura tana tafiya tare da shi. Wannan kam ba kamfanin jaka ke sa shi ba, hannun wanda ya ba da kyauta ko ya kusanci jakar ne. Duk wadda wayarta ta yi mata irin wannan gargaɗi kada ta yi sakaci da shi.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba a baya take ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Dokar ta ba mutum ikon a gaya masa abin da ake tarawa a kansa da dalilin tarawar, da ikon janye yardarsa, da neman a goge bayanansa. Ta kuma wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da mutane. Babban kamfanin da ya saɓa yana iya biyan tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida bayyananniya a kan ita ƙwayar kanta. Tun 2009 hukumar Tarayyar Turai ta ba da shawarar cewa mai kanti ya cire ko ya kashe ƙwayar da ke iya cutar da sirrin mai saye a wurin biyan kuɗi, sai fa in mai sayen ya yarda a bar ta. Ya kyautu hukumar ta Abuja ta yi irin wannan tun kafin manyan kantunan Ikeja da Lekki su cika da na'urorin karantawa, domin rigakafi ya fi magani.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun mutane. Ba dabara ba ce a kai wa baduku jaka mai tsada ya farke shafinta, gama cire ƙwayar yana iya karya darajarta, ya kuma hana kamfanin karɓar ta gyara. Abin tsarewa shi ne suna. Mai saye tana da damar ta tambaya: "Alhaji, akwai ƙwaya a jakar nan? In akwai, me aka rubuta a kaina?" Tana da damar ta ƙi ba da adireshin gida a kan cinikin da ba kawo mata za a yi ba, ta kuma yi tunani kafin ta yi wa jaka rajista da sunanta a intanet. Shi kuma ɗan kasuwa, amsar da ta dace da shi ita ce: "Hajiya, ga abin da na sani, ga kuma inda sanina ya tsaya." Shugabannin 'yan kasuwar Katangowa da fadar Sarkin Hausawan Agege suna iya wayar da kan mutanensu a kan wannan.

Shaida a jikin kaya haƙƙin mai kaya ce muddin kayan suna hannunsa. Idan ya karɓi kuɗi ya sallama, jaka ta zama ta mai ita, kuma inda take zuwa da ita, da ranar da ta rabu da ita, asirinta ne. Kamfanin da ke son ci gaba da sanin wannan, sai ya nemi izini a fili kamar kowane baƙo. Allah Ya rufa asirin kowa.