Baƙuwar Kaza Mai Zubar da Gashi: Yadda Ake Kare Ta a Cikin Garke

Kiwon kaji a tsakar gida tsohuwar sana'a ce a garuruwan Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, kuma mafi yawa a hannun mata take. Kaza ce asusun uwargida: da ita ake sayen magani, da ita ake fita kunyar baƙo. Saboda haka asarar ko da guda ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Wata hanyar asara da ba a cika lura da ita ba ita ce a kawo baƙuwar kaza daga kasuwa tana cikin zubar da gashi, a sake ta cikin waɗanda ta tarar, su yi ta saranta har ta rame ko ta mutu.

Zubar da gashi ba cuta ba ce. Kaza takan fara shi sosai idan ta kai kamar wata 18, daga nan kuma kusan sau ɗaya a shekara. Ƙishirwa da yunwa da wahalar tafiya da renon 'yan tsaki duk suna iya jawo shi da wuri. Yakan fara daga kai da wuya, ya gangaro ƙirji da baya, ya ƙare a fukafukai da wutsiya, kuma yakan ɗauki mako 8 zuwa 12. A wannan lokaci ƙwai yana raguwa ko ya tsaya cak, domin sama da kashi 80 cikin 100 na gashin kaza furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma jikin ba ya iya ɗaukar aikin biyu a tare.

Saran kuwa yana da nasa dalili. Kowane garke yana da babba da ƙarama, kowace kaza ta san wadda take sara da wadda take kauce wa. Masanin dabbobi ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara bayyana wannan tsari a rubuce a farkon shekarun 1920. Baƙuwa a ƙasan kowa take farawa. Idan kuma fatarta a buɗe take, sabon gashin da ke tsirowa yana da jini a gindinsa, sara ɗaya ya isa ya fasa shi. Kaji na ganin ja sai su taru a wurin.

Matakin farko shi ne a tabbatar ba wata cuta ba ce. A buɗe ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya a duba ƙuma da ƙwarƙwata. Kazar da ke sake gashi tana ci, tana sha, idonta tar. Wadda ke gyangyaɗi, ko zawo kore, ko murɗe wuya, sai a nemi malamin dabbobi, domin alamun cutar Niyukasul ke nan, wadda ke share kajin gari musamman da hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafinta. Wannan cuta ce ma ta sa ake so kowace baƙuwar kaza ta yi mako 2 zuwa 4 a keɓe kafin ta haɗu da na gida.

Mataki na biyu shi ne magance ciwo. A wanke shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa shuɗin maganin nan da ake kira jibi, wanda ke busar da ciwon ya kuma rufe jan da ke jawo sara. A rage ɗaukarta a hannu, domin sabon gashi yana da zafi idan an taɓa. Da dare a toshe akurkinta daga iskar hunturu.

Sai abinci. Dusar shinkafa da ta gero suna da yawa a Kebbi, amma su kaɗai ba sa tsirar da gashi. A haɗa mata da garin ƙuli-ƙuli, ko soyayyen waken suya, ko ɓurɓushin busasshen kifi, ko gara da fara. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, a kuma tanadi busasshiyar ƙasa gauraye da toka inda za ta yi birgima.

Mayar da ita cikin garke a hankali ake yi. A kife ta da babban kwando ko a sa ta a keji a tsakar gida, ta yadda za su riƙa ganin juna ba tare da baki ya kai gare ta ba, har kamar mako guda. Bayan haka a sa ta a akurki da dare, lokacin da kaji suka lafa. Da safe a zuba tsaba a wuri biyu ko uku nesa da juna, a jingina tsohon asabari inda za ta fake. Ɗan sara na kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Idan wata kaza guda ce ta matsa mata har da fitar da jini, mai saran za a ware na wasu kwanaki, domin idan ta dawo takan tarar matsayinta ya ragu. Kazar da ta samu wannan kulawa takan koma yin ƙwai da zarar sabon gashinta ya cika.