Koren da ake hangowa daga sama: wace bishiya ce ake ƙirgawa a Arewa?

Duk wanda ya bi titunan Nassarawa GRA a Kano cikin zafin Afrilu ya san darajar dalbejiya. Mai shayi da direban da ke jiran maigidansa duk a inuwarta suke fakewa. Kaɗan ne ke tuna cewa baƙuwa ce daga Indiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928. Ta zauna lafiya da mutane, har ta sa masu tsara manufofi suka ɗauka cewa duk iccen da ya jure fari alheri ne.

Labarin Prosopis juliflora ya saɓa wa wannan zato. Icce ne mai ƙaya daga nahiyar Amurka, dangin kiryar da muka sani, amma halinsu ya sha bamban. A 1977 ma'aikatan gandun daji na Nijar suka dasa shi a kan 'yan hektoci kusa da Tafkin Chadi domin tsayar da yashi. Dabbobi suka ci 'ya'yansa masu zaƙi, suka watsa irin cikin kashinsu a ƙasar da tafkin ya janye ya bari. Zuwa 2004, wani rahoto a mujallar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dajin ya haura hekta 300,000. Ya cinye gonaki, ya toshe hanyar kwale-kwale. Mai sarin bandar kifi a Kano da dillalin shanu a Wudil suna da ruwa a wannan batu, ko da ba su taɓa ganin iccen ba.

Faɗin irin wannan daji ya fi ƙarfin ma'aikaci a kan babur, balle a yankin da rikicin Boko Haram ya hana shiga. A nan ne tauraron ɗan Adam yake da amfani. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton kowane wuri duk kwana 5, suna rarrabe fili mai faɗin mita 10, kuma hotunan kyauta ne. Na Landsat na Amurka sun faro tun 1972, don haka ana iya waiwayawa a ga lokacin da mamaya ta soma. Dabarar ita ce a duba hoton rani: ciyawa ta bushe, yawancin itatuwa sun zubar da ganye, shi kuwa Prosopis yana nan kore shar saboda saiwarsa ta kai ga ruwan ƙasa. Da taimakon hotuna irin waɗannan masana suka ƙiyasta a 2019 cewa ya mamaye hekta miliyan 1.17 a yankin Afar na Habasha.

Sai dai a ƙasar Hausa dabarar tana da tarko, kuma sunansa gawo. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, wato daidai lokacin da na'ura ke farautar kore. Shi ne kuma iccen da manoman Maradi da Damagaram suka fi renawa a gonakinsu, aikin da hotunan sama suka nuna ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Dalbejiya da mangwaro ma ba sa rabuwa da ganye. Kwamfutar da aka horar da bayanan Habasha ko Kenya za ta iya yi wa gonar da ta fi kowace albarka jan tambari, ta kira ta annoba. Maganin shi ne a sauka ƙasa: a tsaya gindin itatuwa dubbai, a rubuta sunan kowanne da wurinsa, sannan a koya wa na'urar. Wannan aiki ne na makiyayi da sarkin noma da malamin daji, kuma shi ake fara yankewa idan kasafi ya yi ƙaranci.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, kuma a ganina ya fi haɗari. Najeriya ta kafa hukumar Babbar Katangar Itatuwa a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL a 2021. Idan ma'aunin nasara shi ne yawan kore a taswira, to burtalin da ƙaya ta rufe zai shiga rahoto a matsayin ƙasar da aka ceto. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Adadin ne kawai bai tambayi sunan iccen ba.

Kayan aiki ba su gagara ba. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, tana da cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan Adam a Jos, ga kuma Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Abin da ya kamata majalisun jihohi su nema daga duk mai kawo rahoton dashe shi ne taswira mai bambance nau'in icce, wadda ake sabuntawa kowane rani. Da ita ne hukuma za ta san inda za ta ba masu gawayi izinin sarar Prosopis, wanda gawayinsa ke da kyau, da inda za ta hana gatari kusantar kirya da gawo.