Wa Ake Nufi Da Layin Farko Na Takardar Sanarwa?

'Yan uwa, akwai wani ɗan layi a saman kowace takardar sanarwa ta Turanci wanda ba kasafai muke tsayawa a kansa ba. Shi ne layin da ke faɗin waɗanda aka rubuta takardar dominsu. Sakatare ya rubuta "To all indigenes", ya wuce zuwa rana da wurin taro, a ganinsa gaisuwa ce kawai. A Kafanchan kuwa wannan layin shi ne rabin saƙon, wasu ma daga nan suke daina karantawa.

Da Hausa ba mu cika shiga wannan tarkon ba. In mai shela ya ce "Jama'a, a saurara", babu mai tambayar kansa ko da shi ake. Mai facin taya, da ɗan Ibo mai kayan gyaran mota, da matar da ta kawo citta kasuwa daga ƙauye, kowa ya san ya shiga. Ƙaramar hukumar tamu ma sunanta ke nan, Jama'a. Amma da an koma Turanci sai hannu ya kai ga kalmomin ofis: "indigenes", "residents", "stakeholders", "the general public". Kowace da mutanen da take shigarwa da waɗanda take bari a bakin ƙofa.

Kalmar "indigene" ba ta ado ba ce, ta doka ce. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, amma bai fayyace wane ne ɗan asali ba. Aka bar wa ƙananan hukumomi ba da takardar shaida, kuma kowa ya san abin da wannan takarda ke buɗewa da abin da take rufewa. To, a dubi garinmu. Fantswam da maƙwabtansu suna nan tun kafin a shimfiɗa dogo. Jirgin ƙasa ya zo a shekarun 1920 ya tara mutane daga kudu da arewa, fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan a 1933. Wanda ya ga 1987 da 1999 da 2011 ba sai an gaya masa nauyin tambayar "garin wa?" ba. Don me za mu ɗora wannan nauyi a kan takardar kiran aikin gayya na yashe kwata?

Ba cewa muke a ɓoye gaskiya ba. In ma'aikatar tarayya ce ke ɗaukar aiki kuma sai da takardar asali, a rubuta "indigenes" ɓaro-ɓaro, kada yaro ya kashe kuɗin mota ya je a koro shi. Amma rigakafin yara, tsaftar unguwa, taron 'yan kasuwa, gyaran taransifoma, duk waɗannan na mazauna ne, kuma "residents" ita ce kalmarsu. Kwalara ba ta neman takarda. Gwamnatin Kaduna da kanta ta sanar a 2019 cewa da mazauna za ta riƙa ma'amala, ba da bambancin ɗan gari da baƙo ba. Ita kuwa "settlers", mu dai ba mu ga takardar gayyata da take gyarawa ba. "Stakeholders" ma a yi hattara da ita, don a kunnen talaka manya take nufi, masu babbar riga da kujerar gaba. Mai tuyar ƙosai ba za ta zo ba, alhali rumfarta za a tattauna.

Sai wadda ta fi shafarmu kai tsaye. Ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan lafiya kan fassara bayani su rubuta a bango cewa "for the Hausa community". Sau da yawa abin da suke nufi shi ne "for Hausa speakers", kuma a Kudancin Kaduna tsakanin biyun akwai tafiya. Mutanen Bajju da Atyap da Ham da Kaninkon da Hausa suke ciniki, da ita ake wa'azi a coci-coci da dama, Littafi Mai Tsarki ma yana nan da Hausa tun 1932. In aka ce takardar magani ta "Hausa community" ce, uwar da ke Zonkwa ko Kagoro za ta ɗauka ba tata ba ce, ga shi kuwa ta fi wasunmu iya karanta ta. Mu kuma sai a ga kamar an ware mu da wani abu, a fara gunaguni a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan. Irin wannan alkawari a ƙananan takardu ake riƙe shi, waɗanda ake liƙawa a bakin kasuwa da tasha, ko a tura a WhatsApp da dare.

Roƙonmu ga sakatarorin ƙungiyoyi da matasan da ke buga mana takardu shi ne, kafin a kai wajen bugawa, a fassara layin farko da Hausa a karanta shi da ƙarfi. In ya fito "'yan asali kaɗai" alhali kowa ake son ya zo, a goge a rubuta "To all residents of Kafanchan".