Araha ba ta ado: kada a kai amanar jama'a gwanjo



Wasu matasanmu na neman a ɗebi kuɗin asusun jama'a a sayo kyamarar Leica M9 ta gwanjo, cikin kayan da ake kira France au revoir, don ɗaukar hotunan Maulidi da naɗin sarauta. Hujjarsu ita ce sunanta. Ni kam ban yarda ba.

Kyamarar ta fito a 2009. A 2014 kamfanin da kansa ya amsa cewa gilashin da ke rufe farantin ɗaukar haskenta yana zagwanyewa, tabo ya bayyana a hoto. Ya sauya farantin kyauta har 2017, daga nan galibi sai da kuɗi, a 2020 ya daina, domin an bar ƙera shi. Danshi ne ke rura wannan cuta. Mu da ke bakin tafkin Ébrié, wa zai ba mu labarin danshi?

Ma'aunin nisanta kuma ƙananan madubai ne. Ta bugu sau ɗaya a cikin gbaka, saiti na iya gocewa. Masu gyara na Black Market gwanaye ne, amma ina gwaninta in babu kayan gyara? Sai a aika Turai, a biya da yuro.

Kuɗin nan gumin mahauta ne da 'yan goro. Dattawanmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wanda hotonsa ya lalace bana ba lalle ya ga baɗi ba. A sayi wadda za a iya gyarawa a nan Adjamé.

Allah Ya sa mu fita haƙƙin amana.