Tsohon Abokin Ciniki Da Sabo

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu cikin 'yan kasuwarmu, watau ɗokin baƙo da sakaci da na gida. Duk wanda ya zaga kasuwannin ƙasar Rano da Kibiya ya ga haka. Baƙo ya tsaya gaban mai awo, nan da nan a cika masa tiya har ta yi tozo, a ƙara masa gyara. Wanda kuwa ya shekara goma yana awo a wurin sai a ce ya dakata, ai shi na gida ne.

Mu a ganinmu wannan kuskuren lissafi ne. Kafin a shawo kan baƙo sai an yi rangwame, an ba da gyara, wani lokaci har da la'adar dillali, ga doguwar jayayya wajen tayi. Bayan duk wannan, baƙo raɓa ne. Tsohon abokin ciniki kuwa ba ya cin ko ɗaya daga cikinsu. Malamin makarantar da ke auna tiya 2 kowane mako, tiya 104 ke nan a shekara, kuma in an yiwo wa wani malami canji zuwa garin, shi zai kama hannunsa ya kai shi rumfar.

Jama'a ba su manta da farkon 2023 ba, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. A garuruwa irin su Rurum, wane ne ya yi ciniki? Sai mai shagon da ya san mutanensa, ya san gidajensu, ya ba su kaya ya rubuta a littafi. Wanda ya dogara ga masu wucewa ya wuni yana korar ƙuda.

Kada fa a ce mun hana neman sabo. Rurum ɗin kanta akwai Tsohon Gari, akwai Sabon Gari. Abokan ciniki sukan mutu, sukan ƙaura, dole a mayar da gurbinsu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Kadawa, masu sayen tumatir suka riƙa zuwa da motoci daga nesa, an kuwa amfana ƙwarai. Amma manomin da ya juya wa dillalin da ya ranta masa kuɗin taki baya, don wani baƙo ya ɗora 'yan kuɗi a kan kwando, ya jira lokacin da tumatir zai cika kasuwa. Ran nan baƙon ba zai zo ba, tumatir kuwa ba ya jiran kowa.

To, saura mu ma'aikata da malamai, gama mu ma da namu laifin. Da yawa cikinmu sukan ci bashi wata guda a shago ɗaya, ran da albashi ya fito sai su kwashi kuɗin su tafi Kano su yi sayayya, su bar mai littafi yana zuba ido. Da wace fuska irin wannan zai nemi a fifita shi a kan baƙo? Muna roƙon sarakunan kasuwa su ja kunnen masu awo a kan tiya, shugabannin makarantu kuma su yi wa malamansu magana tun kafin ƙarshen watan nan.