Harajin hayaƙi a iyakar Turai: mi dokar kasuwancin duniya ta ce?

Kun san cewa duk kayan da suka ƙetare iyaka sai sun bi ta hannun ma'aikatan duwan. To, Tarayyar Turai ta fito da wani sabon biya, wanda ake lissafawa bisa yawan hayaƙin da masana'anta ta fitar lokacin da take ƙera kayan.

Yaya abin yake?

An kafa dokar a shekara ta 2023, ta fara aiki sosai ranar 1 ga watan Janairu na 2026. Ta shafi siminti, ƙarfe, alminiyo, takin zamani, wutar lantarki da iskar haidirojin. Masana'antun Turai suna biyan kuɗi a kan hayaƙin da suke fitarwa. Turai ta ce idan kayan waje suka shigo ba tare da wannan biya ba, masana'antunta za su ƙaura zuwa inda ba a biya, hayaƙin duniya kuwa ba zai ragu ba.

Ina gardamar take?

Ƙungiyar kasuwanci ta duniya, wato OMC, wadda Nijar ta shiga a 1996, ta hana ƙasa ta fifita kayanta a kan irinsu na waje. Amma yarjejeniyar GATT ta 1947, a sashe na 20, ta yarda ƙasa ta ɗauki mataki don kare rayuka da albarkatun ƙasa. A 1998, cikin shari'ar jatan lande da kunkurun teku, alƙalan OMC sun amince Amurka tana da ikon kare kunkuru, amma sun same ta da laifin nuna bambanci tsakanin ƙasashe. Saboda haka masana shari'a da dama suna ganin dokar Turai za ta iya tsayawa, muddin an auna kowa da mudu ɗaya.

Wasu masanan kuma suna tunatar da yarjejeniyar yanayi ta 1992, wadda ta ce nauyin gyara ya fi hawa kan ƙasashe masu arziki. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin makamashi na duniya ba, amma dokar ba ta keɓe ƙasashe matalauta ba. Binciken masana ya sa Mozambik cikin waɗanda abin zai fi taɓawa, saboda alminiyonta. Rasha ta kai ƙara gaban OMC a 2025, sai dai kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina aiki tun watan Disamba na 2019.

Mi ya shafe ku?

Albasa, niyebe da dabbobin da kuke sayarwa ba sa cikin jerin kayan. Amma ana iya faɗaɗa jerin, kuma masana'antar da ke sayar da kayan da ke cikin jerin a kasuwar Turai ana son ta iya nuna yawan hayaƙinta a rubuce. Ku tattauna wannan a cibiyarku ta yaƙi da jahilci: wa ya kamata ya biya kuɗin gyaran yanayi, mai ƙera kaya ko mai sayensu?